Mai Sunan Jirgi

Shekara bakwai Ɗantani ya yi a jirgin ruwan yaƙin Faransa, kullum yana goge hoton kumandan da aka sa wa jirgin sunansa, wanda teku ta cinye tuntuni. Da aka sami 'yancin kai aka sallame shi, jirgin kuma aka farfasa shi.

Wani dare yana jan ƙafa a hanyar garin Dumega, ya tarar da baƙo zaune, yashin ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf ga shi ana tsakiyar rani. Ya miƙa masa gorar ruwa.

"Na sha ya ishe ni," in ji baƙon. "Sun rushe mini gida, Ɗantani. Wa zai share mini fuska?"

Wata ya haska fuskar, sai ga ta cikin hoton nan. Ɗantani ya yi ajiyar zuciya, ya laluba aljihu yana neman tsumma.