Sai An Gwada Tukwanen

Mujahid yana durƙushe yana kankare ƙasar zubi daga jikin wata sabuwar tukunya, sai ya ji sallama da muryar da bai saba ji ba a maƙerarsu ta Rano. Ya ɗago kai. Budurwa ce tsaye a bakin rumfa cikin hijabi ruwan toka, tana kare fuskarta daga hucin wuta.

Sai da ta sake sallama sannan ya tuna bai amsa ta farko ba.

"Sunana Afra'u, daga Fammar nake. Ƙungiyarmu ta mata tana haɗa garin kunun yara, muna neman manyan tukwane goma na suyar waken suya da gyaɗa. An ce duk yankin nan babu kamar naku."

"Ba a yi miki ƙarya ba," in ji Mujahid, yana goge hannu a jikin riga.

"To alhamdu lillahi. Amma da sharaɗi. Sai an gwada ƙarfen an tabbatar babu dalma a ciki."

Baffa Alu, mahaifin Mujahid, yana zaune a kan benci yana jan carbi. Ya dakata.

"'Yan nan, shekara arba'in ina zubin tukwane. Daga nan har Zurgu babu gidan da ba a tuƙa tuwo a tukunyata ba. Wa kika ji ya mutu?"

Afra'u ta russuna. "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ba raini ba ne. Lokacin da nake koyon aikin asibiti na ga yaron da gubar dalma ta taɓa. Shekararsa huɗu, ba ya magana, ba ya tsayuwa. Abincin jarirai za mu soya, shi ya sa."

Baffa ya kau da kai. Shi kuwa Mujahid sai ya ji bakinsa ya riga shi. "Zan kai a gwada. Ba ni lambarki, in na dawo in sanar da ke."

Bayan ta tafi Baffa ya harare shi. "Ƙarfen za ka gwada, ko yarinyar ce ta gwada ka?"

Kafin ya samu zuwa Kano sai da aka yi mako guda, kuma a makon nan babu ranar da bai nemi dalilin tura saƙo ba.

"Malama Likita, guntu nawa kika ce a yanka?"

"Uku. Jiya ma na faɗa maka, Injiniya."

"Na sani. So nake ki sake faɗa."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci kuwa?"

Ranar Laraba ya shiga mota da guntayen ƙarfe uku a aljihu. A ɗakin gwajin, wata ma'aikaciya ta ɗora wa kowane guntu wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, ta duba lambobin da suka fito, ta sake gwadawa. Sannan ta cire tabarau.

"Me kuke narkawa?"

"Alminiyum. Duk abin da 'yan gwangwan suka kawo. Gwangwanin lemo, tsofaffin tukwane, lagireto mai sanyaya injin mota, da sauran kayan injin."

"To daga lagireton da kayan injin ne. Biyu cikin ukun nan dalmarsu ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Kada a dafa wa yaro komai a ciki."

Mujahid ya fito yana juya maganar a ransa. Shekara biyu ke nan da suka fara karɓar kayan mota saboda sun fi araha, kuma shi ya kawo shawarar. Ya tuna 'yar yayarsa da ake dama wa koko kullum a tukunyar da ya zuba da hannunsa.

A tasha ya haɗu da Shamsuddeen, dillalin kayan girki, ɗan ƙanwar mahaifin Afra'u, wanda kowa ya san ya daɗe yana nemanta. Shi ma yana son cinikin tukwanen.

"Wai har Kano ka zo saboda takarda?" ya ce yana dariya. "Ai ni a shagon kwamfuta aka buga min tawa, har da hatimi. Mata ne fa, me suka sani?"

Mujahid ya wuce ya shiga motar Rano. A cikin mota ya daɗe yana kallon wayarsa. Daga ƙarshe ya ɗauki hoton sakamakon ya tura mata.

"Afra'u, ga gaskiya. Tukwanenmu ba su tsallake ba. Kada ki saya. Na san ƙila na rasa cinikin, ƙila har da abin da ya fi cinikin. Amma ba zan fara da ke a kan ƙarya ba."

Amsar ba ta jima ba.

"Cinikin ka rasa a yanzu. Ɗayan kuwa yau ka same shi."

Ya karanta ya fi sau goma kafin su iso Rano.

Baffa ya saurari bayanin har ƙarshe. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Yarinyar da ta shigo ta zubar min da sana'a, ita kake so ka kawo min gida? Ba da yawuna ba." Ya tashi ya shige ciki.

Kwana huɗu bayan haka magana ta cika kasuwar Kibiya: tukwanen gidan Alu guba ne. Masu sari biyu suka fasa. Wata tsohuwa ta zo har rumfa ta yi musu Allah ya isa. Mujahid ya zauna ya lissafa waɗanda suka ga takardar: shi, Baffa, sai Afra'u.

Ya rubuta mata: "Amana na ba ki. Da kin bar ni na faɗa wa mutane da bakina."

Ta kira sau uku bai ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo: "Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Amma tunda haka ka ɗauke ni, Allah ya bayyana gaskiya."

Kwana goma babu wanda ya nemi wani. Mujahid ya rame, ko wuta ba a hurawa a maƙera. Wata safiya Baffa ya kira shi zaure.

"Me ya haɗa ka da yarinyar nan?"

"Ita ta baza maganar, Baffa."

Tsohon ya girgiza kai. "Ba ita ba ce. Ni ne. Washegarin dawowarka na hau babur na je Fammar wajen mahaifinta, Malam Isiyaku, don shi ne malamin da na yarda da fatawarsa. Na tambaye shi hukuncin wanda ya sayar wa mutane cuta bai sani ba. Ya ce rashin sani uzuri ne, amma shiru bayan sani ba uzuri ba ne. Ashe ɗan ƙanwarsa Shamsuddeen yana bakin zaure yana ji, shi ya kai maganar kasuwa. Kunya ce ta hana ni faɗa maka." Ya share ido da hannun riga. "Tashi ka nemo mai shela. Duk wanda ya sayi tukunya a wajenmu cikin shekara biyun nan ya dawo da ita, mu canja masa."

Mujahid ya fita da gudu, amma ba wajen mai shela ya fara zuwa ba. Waya ya ciro.

"Afra'u, na zalunce ki. Ba ni da bakin magana. In kin yafe, alherinki ne. In kin ƙi, haƙƙinki ne."

Sai bayan la'asar ta amsa. "Na yi kuka, ka sani. Na yafe. Amma daga yau in ka ji abu a kaina, ni za ka fara tambaya."

"Na yi alkawari, sanyin idona."

Aiki ya dawo sabo. Suka jefar da tsohon kaskon narki, suka daina karɓar duk abin da ya fito daga jikin mota, sai gwangwani da ragowar firam ɗin taga. Kowane zubi, Mujahid ya yanki guntu ya kai Kano. Wata uku suna canja tukwane, har Baffa ya sayar da shanun nomansa biyu. Mutanen da suka zage su suka fara dawowa, har da tsohuwar nan, tana cewa a yafe mata. Ita kuwa Afra'u, da Shamsuddeen ya kawo tasa takardar, waya kawai ta buga wa ɗakin gwajin da aka rubuta a kai. Suka ce ba su san da ita ba.

Da manyan Mujahid suka je neman aure, Malam Isiyaku bai amsa nan take ba. Ƙanwarsa ta riga ta zo ta yi kuka a kan ɗanta, wasu dangi kuma suna ta cewa 'yar malam ba ta dace da gidan maƙera ba. Ya ce a ba shi mako biyu.

Ranar da suka koma, ya tara 'yan'uwansa a zaure ya ce, "Shekara talatin ina karantar da babin ciniki, cewa mai kaya ya bayyana aibin kayansa. Ban taɓa ganin wanda ya sayar da shanunsa don ya cika wannan babin ba sai mutanen nan. Na tambayi Afra'u, ta ce shi take so. Na ba shi."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Fammar. Jama'a daga Rano, Zinyau da Zurgu suka cika ƙofar gida har bakin hanya. Matan ƙungiya suka yi girkin biki, guɗa tana tashi ta kowace kusurwa.

Da yamma aka kawo amarya gaban Baffa ta durƙusa, kanta a lulluɓe. Tsohon ya ɗora hannu a kanta.

"'Yata, na ce ba da yawuna ba, yau ga shi da bakina nake roƙon Allah ya bar min ke. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka, ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin. Mujahid yana tsaye a bakin ƙofa cikin farar shadda, ya sunkuyar da kai don kada abokai su ga idonsa. Da aka zo wucewa da ita ta gabansa, Afra'u ta ɗan ɗaga mayafi, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Ango, kuka kake yi?"

"Farin ciki ne, amaryata."

"To share, kada ka sa ni ma in fara."

Bai share ba, ita ma ta fara. Allah ya albarkaci wannan aure, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba.