Haƙorin Chinatsu

Chinatsu sabuwar ɗaliba ce a wata makarantar firamare a Okayama. Ranar da ta fara zuwa tana mura, don haka ta sa takunkumin fuska, kamar yadda kowa yake yi.

"Idanunki da kyau," in ji Suzuha, wadda take zaune kusa da ita. "Ko ban ga sauran ba, na san ke kyakkyawa ce."

Maganar ta yi wa Chinatsu daɗi, ta kuma ba ta tsoro. Tana da wani haƙori da ya hau kan ɗan'uwansa. In suka gan shi fa? Mura ta warke, takunkumi ya ƙi sauka.

Matsalar ita ce abincin rana. A cikin aji ake ci, kowa yana ganin kowa. Sai ta riƙa tura wa wani yaro, Genta, shinkafarta da kifinta. Genta kuwa ba a yi masa tayi sau biyu.

"Ki ci gaba da ƙoshi har mu gama makaranta," in ji shi, baki cike.

Chinatsu akwai gudu, shi ya sa aka zaɓe ta ta yi wa ajinsu tsere ranar wasanni. Ba abin da take so kamar wannan. Amma ranar gwaji, tana cikin gudu jiri ya kwashe ta, ta zube.

Malama Horiuchi ta cire mata takunkumin don ta sha iska. 'Yan aji suka kewaye ta. Chinatsu ta toshe baki da hannu.

"Me kika ci yau?" in ji Malama.

"Ba komai, Malama." Ta faɗi dalili tana kuka.

"Mai yunwa ba ta yi mini tsere. Ko ki ci abinci, ko in sa wata."

Suzuha ta janye hannun a hankali, ta leƙa.

"Wannan ɗan haƙorin ne? Ni fa na ɗauka haushina kike ji. Ban taɓa ganin dariyarki ba."

Chinatsu ta fashe da dariya, haƙori a waje. Washegari ta cinye abincinta tas.

Ranar wasanni ta yi gudu fuska a buɗe, ajinsu ya zo na ɗaya. Ta gane cewa takunkumi na mura ne, ba na ɓuya ba. Ƙawar kirki fara'arki take nema, ba ta ƙirga miki haƙora.