Kankanar da Aka Harba

A ƙauyenmu da ke kudancin Texas kowa yana noman kankana, kuma kowa gani yake tasa ta fi ta kowa. Duk watan Yuni akan yi bikin kankana a cikin gari. Akan ɗora su a sikeli. Wadda ta fi nauyi sai a liƙa mata shuɗin ƙyalle. Yara ma suna da tasu gasar.

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Tana zaune da kakanninta, tsoho Delbert da matarsa Opal. Shingen waya ne kawai ya raba gonata da tasu, don haka duk abin da ya faru a gidan a kan idona ya faru. Kada ku ce gulma ce. Shingen ne gajere.

A shekarar nan yarinyar ta shuka kankana a bayan ɗakin ajiya. Da ta fara 'ya'ya, sai ta tsinke sauran duka ta bar guda ɗaya tal. Haka masu gasa suke yi, don ƙarfin yaɗon ya tafi wuri ɗaya. Safe da yamma tana ba ta ruwa. Da rana takan rufe ta da tsohon zanen gado, kada zafi ya ƙona mata baya. Kankana kuwa ta yi ta girma, har ta kusa kai ɗan maraƙi in ya kwanta.

To, mu a nan muna da maciji mai kacau-kacau a wutsiya. Dafinsa ba wasa ba ne. Shi ya sa Opal ta kafa wa yarinyar doka. Ta ce kullum ta sa dogon takalminta na fata kafin ta shiga gona. Ta ce ta nome ciyawar da ke kewaye da kankanar. Ta kuma ce su kwashe tsofaffin kwanonin rufi da aka jibge a gefe, domin ɓeraye suna kwana a ƙarƙashinsu, maciji kuwa ɓera yake bi.

Da farko yarinyar tana yi. Sai ranar da Delbert ya dawo daga gari yana ta washe baki. Yana da giɓi a gaba, in ya yi murmushi har iska ke wucewa. Ya zaro wata 'yar bindiga daga aljihu. Ba ta fi tafin hannu ba. Baki biyu gare ta, harsashi biyu take ci, irin mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Mai kantin da ya sayar masa ya ce sunanta darinja, wai maganin macizai ce.

"Daga yau macijin gidan nan ya shiga uku," in ji Delbert.

Opal ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, shekara arba'in ina ganinka kana jifan kwandon shara da takarda. Ko sau ɗaya ba ka taɓa samunsa ba."

"Ai takarda daban, bindiga daban."

"Hannun fa? Shi ma ka sayo sabo?"

Delbert ya yi kamar bai ji ba. Amma a yi masa adalci. Ya gargaɗi yarinyar kada ta kuskura ta taɓa bindigar, ita ma ba ta taɓa ba. In yana gida yakan kulle ta a akwatin ƙarfe. In zai fita gona ne yake sa ta a aljihu.

Ita dai yarinyar maganar kakanta ta shige ta. Takalmin fata yana da nauyi, ga zafi. Nome ciyawa kuma akwai ciwon baya. Sai ta koma yawo da silifas. In Opal ta tuna mata, sai ta ce, "Gobe, Kaka." Ni ma na yi mata magana ta kan shinge. Ta ce mini kada in damu, kakanta yana da magani a aljihu. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ana saura kwana kaɗan a yi hutu, malamar ajinsu, Malama Ybarra, ta yi musu darasi a kan macizai. Ta ce maciji ba ya neman mutum da faɗa, tsoro ne ke sa shi sara. Ta ce in sun gan shi su tsaya cak, sannan su ja da baya a hankali taku uku, su kira babba.

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Malama, mu a gidanmu ba ma ja da baya. Kakana yana da bindigar macizai."

Malama ta yi murmushi. "Wanda ya sami lokacin laluba aljihu ya yi saiti, ai ya sami lokacin yin taku uku. Wanne ya fi sauƙi?"

"Harbi," in ji yarinyar, 'yan aji suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ɗauka yabonta suke yi.

Ranar biki ta zo. Da safe Delbert ya kawo akori-kura bayan ɗakin ajiya, ya shimfiɗa bargo a bayanta. Ni ma na tsallako don in kama musu. Ciyawa a lokacin ta kai gwiwa. Yarinyar ta ruga gaba da silifas ɗinta, ta kama bakin zanen gadon ta yaye.

Sai muka ji kacau-kacau-kacau.

Ga shi nan a nannaɗe a jikin kankanar, yana shan inuwa. Kaurinsa ya kai damtsena. Wallahi tsakaninsa da ƙafar yarinyar bai fi taku ɗaya ba.

Yarinyar ta tsaya cak. Sai ta ja baya a hankali. Ɗaya. Biyu. Uku. Na miƙa hannu na jawo ta jikina. Macijin bai biyo ta ba. Ya ma sauke kai, ya fara warware jikinsa zai tafi.

Da an bar shi a nan, da magana ta ƙare. Opal ta leƙo daga kicin ta ce kowa ya matsa, zai tafi da kansa. Amma yarinyar ta tuna bakin da ta cika a makaranta.

"Kaka, harbe shi!"

Delbert ya cusa hannu a aljihu. Wandonsa irin na manoma ne, aljihunsa sun kai takwas. Ya zaro hankici. Ya zaro ƙusa uku. Ya zaro alewar da ta narke tun makon jiya. A aljihu na biyar ya sami bindigar. Sai kuma kunamarta ta yi tauri, sai da ya sa manyan yatsunsa biyu kafin ta ɗanu. Macijin ma har ya dakata, kamar yana jira ya ga ƙarshen abin.

Muka koma bayan motar. Delbert ya rufe ido ɗaya ya harba. Bokitin ban ruwa da ke can gefe ya yi tsalle, ruwa ya fara tsiyaya ta ƙofa goma. Bindigar ta doki hannunsa har ya yi yarfe. Ya ce wannan gwaji ne. Ya matsa kusa, ya rufe ɗaya idon, ya sake harbawa.

Faf!

Kankanar ta dare gida biyu. Jan ruwa ya wanke wa Delbert fuska, wani ɓawo ya sauka a kan hularsa ya zauna. Macijin kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Ya ja jikinsa a hankali ya shige ƙarƙashin kwanonin rufin nan.

Opal ta fito daga kicin. Ta sa doguwar sanda ta ɗaga kwanon daga nesa. Ta buɗe famfo, ta saita tiyo ta feshe shi da ruwa. Nan da nan ya fito ya bi ta ƙarƙashin shinge, ya nufi daji.

Yarinyar ta durƙusa gaban kankanarta ta fashe da kuka. Wata uku tana wahala. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san yadda take son abin nan. Delbert ya cire hula, ɓawon ya faɗo.

"Yi haƙuri, 'yar gidana," ya ce. "Ni na cika baki, ke kika biya."

Opal ta zauna kusa da ita. "Wa ya harbi kankanar?"

"Kaka."

"Wa ya ce ya harba?"

Yarinyar ta ce, "Ni."

"Ciyawar fa, da kwanonin?"

"Ni ce ban gyara ba. Da na gyara, da bai zo ba."

"To share hawayenki. Da ƙafarki ya samu, da yanzu muna hanyar asibiti. Kankana ai ana sake shukawa."

Ba a ci kankanar ba, saboda ƙwayoyin dalma sun shiga cikinta. Amma yarinyar ta tsince 'ya'yan da ke can ƙarshe, ta wanke ta shanya. Opal ta auna ɓarin biyu a sikelin gida, suka ba da laba tamanin da biyu. Sannan ta ce kowa ya shiga mota, biki ba ya fasuwa don kankana ɗaya.

A wurin biki wani yaro ɗan ajinsu ne ya ci gasar, da laba saba'in da ɗaya. Yarinyar ta je ta yi masa barka. Nan ta haɗu da Malama Ybarra, wadda ta tambaye ta ina tata kankanar.

"An harbe ta, Malama."

Ta ba ta labari duka, ba ta ɓoye komai ba. Malama ta danne dariya da ƙyar. "Ke kuma taku nawa kika yi?"

"Uku."

"Sun isa?"

"Sun isa, Malama."

Da yamma aka yi gasar tofa 'ya'yan kankana. Akan ja dogon layi a ƙasa, kowa ya tsaya ya furzar da ƙwaya ɗaya. Yarinyar ta tura kakanta don ya daina sunkuyar da kai. Delbert ya sa ƙwayar a giɓinsa, ya cika kumatu, ya furzo. Ta tafi samɓal, ta wuce ta kowa, ta sauka daidai kan layin. Wuri ya kaure da tafi.

Opal ta girgiza kai. "Malam, da da baki ka harbi macijin nan, da ka same shi."

Delbert ya miƙa wa yarinyar shuɗin ƙyallen da aka ba shi. Ta ce ya riƙe abinsa, ita za ta ci nata.

Ta kuwa ci. Shekarar da ta biyo baya ta shuka 'ya'yan nan da ta shanya. Ta kwashe kwanonin, ta nome ciyawa tas, ba ta ƙara shiga gona ba takalmi ba. Kankanarta ta kai laba casa'in. Bindigar kuma tana nan a kulle cikin akwati, makullin yana hannun Opal.

Yara, rigakafi ya fi magani. Ku yi aikin da aka sa ku, kada ku dogara da cika bakin wani. In kun ga maciji, ku ja da baya ku kira babba. Taku uku sun fi harsashi biyu.