A'a Ta Riga Eh

Bintu ta shiga shagon kwamfuta na bayan kasuwar Jimeta ido jawur. Binciken kammala jami'arta a kan 'yan gudun hijira ne irinta, tambaya biyu kacal, amsa eh ko a'a: ka rasa wani a rikicin? Za ka koma gida?

"Manhajar ta ce wanda ya rasa nasa ba ya son komawa," ta faɗa wa Modu mai shagon. "Ga Babana, ɗa ya rasa, kullum zancensa komawa."

Modu ya duba, ya murmusa. "A tambayar farko kin sa eh ta zama 1. Ta biyu kika bar wa kwamfuta, ita kuwa haruffa take bi, a'a ta riga eh, ta zama 1. Alaƙar tana nan, a kife take."

Ya gyara. Bincike ya ƙare, zuwa shagon dai bai ƙare ba.

Da maganar aurensu ta kai kunnen mahaifinta, Baba Garbai, sai ya kafe. "Mai komawa Borno da mu zan ba 'yata. Zakariya ɗan ƙanena ya yarda."

A can aka kashe mahaifiyar Modu, ko sunan garinsu ba ya son ji. Bintu ta kasa kiransa, ta tura saƙo:

"Ya Modu, za ka koma da mu? Turo lamba kawai, ba zan iya jin kalmar ba."

"1, Bintuna."

A tambayar komawa gida, 1 a'a ce, haka ta tuna. Ta kashe waya, ta ci kuka har ta gode Allah.

Shiru ya yi yawa, sai ga Modu a ƙofar gidansu a unguwar Bako, duk ya rame.

"An ce Zakariya zai turo magabata. Me na yi?"

"Ka ce 1."

"Ai na gyara miki, Bintu. Eh ce. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma kabarin mahaifiyata na can, ban taɓa tsayawa kansa ba. Sakamakonki bai yi ƙarya ba."

Baba Garbai, da ke ji daga zaure, ya ce wa Modu ya turo magabatansa.

Ranar ɗaurin aure ya riƙe hannun ango. "Allah ya yi muku albarka, ɗana. Idan mun isa, naka mamacin za mu fara ziyarta, sannan nawa."