Hannun Mele

Mele ɗan acaɓa ne a garin Lafiya, mutum mai cika baki. Yakan ce shi ba ya tuƙi, hannunsa ne ke yi. Yana kan mashin hankalinsa na can wajen ƙwallo, sai dai ya farga ya ga kansa a ƙofar gida a Bukan Sidi.

To, da damina ta faɗi, hannun ya sauya gida. Kullum magariba in ya nufi Bukan Sidi, sai ya tsinci kansa a hanyar Doma, gaban wata tsohuwar rumfar suyar garin rogo da aka daɗe da watsarwa. Matarsa Hanifa ta ce mace ya ajiye a can. Ya rantse bai yi niyya ba. Ta ce ba ta taɓa jin inda mutum ya je wuri bai ƙudurta a ransa ba, ko akuya sai ta tuna da dusa take juyowa gida. In ya sake, ya same ta gidan iyayenta. Takaici kamar ya kashe shi, don gaskiya yake faɗa, ga ta kuma kamar ƙarya.

Ran nan ya sa wa hannun ido. Ya riƙe koren ƙyauren gidansa a zuci, yana nanata sunan unguwar kamar mai lazimi. Da ya iso mararraba, ya ce dama.

Hannun ya yi hagu.

Ya nemi birki, yatsun suka ƙara wuta. Gidaje suka ƙare. Kwaɗi suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙen rogo ya cika masa hanci, sai ya ji bayan mashin ya lotsa, an hau.

Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa.

"Oga, ci gaba da tunaninka," aka raɗa masa. "Ni zan tuƙa."

"Hannuna ne."

"Ka bar shi ba kowa a ciki. Na samu wuri."

Ga rumfar. Yau da wuta a ciki, ana jin ana juya gari a kasko.

Mele ya ambaci Allah, ya wurga jikinsa gefe. Yatsun ba su saki ba sai da kansa ya bugi ƙasa. Mashin ya wuce a miƙe, fitila na ci, ya shige rumfar.

Wasu masu dakon doya ne suka kai shi gida. Raunin ya warke, amma abin da ya hau bayansa ya tafi da duk abin da hannun ya sani. Yanzu ko loma ce, sai ya gaya wa yatsun ɗaya bayan ɗaya: lanƙwashe, ɗauka, kai baki. In hankalinsa ya ɗauke, hannun ya tsaya a sama.

Hanifa ta yarda da shi, ba ta tafi ba. Ita ke saka masa maɓallin riga kowace safiya, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango.