Damtsen Inna Atu

Zahara'u na tankaɗe a tsakar gida, mahaifiyarta Inna Atu na ɓarar gyaɗa, sai ga ƙugin Landiroba a ƙofar gidansu da ke Tambuwal. Murna ta kama Zahara'u. Namadi ne, saurayin da aka sa musu rana. Ɗalibi ne a jami'ar Zariya, an tura shi da hutu ya bi wasu likitocin ƙasashen waje masu yi wa jama'a lambar rigakafin agana, don ya koyi aiki.

To, sabon ilimi in ya hau kan saurayi, ba ya jin kira. Namadi ya yi sallama, bai jira amsa ba ya faɗo tsakar gida da takalminsa, riƙe da akwatin allura. Inna Atu ta zabura za ta shige ɗaki, kamar yadda kowace suruka take yi. Ya tare ta.

"Inna, minti guda ne! Agana ta shigo Kebbe, kawo hannunki!"

Ya yaye mata mayafi, ya kama damtsenta, ya yi mata lamba. Baiwar Allah ta daskare don kunya. Daidai nan maigidan, Malam Ɗangiwa, ya shigo.

"Mi nika gani haka?"

"Baba, firatikal ne, aikin lafiya—"

"Rufe min baki! Garinga suruki ko ruwa bai sha gaban surukai, kai ka kama damtsen uwar ɗiyar da munka ba ka? Fita! An fasa!"

Daga ranar aka hana Zahara'u leƙa ko zaure. Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta kare Namadi? Ai ya yi laifi. Ta cire shi daga ranta? Ya ƙi fita. Innarta ta daina zuwa suna da biki saboda habaicin mata, ita kuwa sai kuka a ƙuryar ɗaki har ta rame. Magidanta suka rufe ƙofofinsu, kowa na cewa ba mai taɓa masa mata. Aikin lamba ya tsaya cik.

Ana haka gwaggonta Rabi'atu, ungozoma a Kebbe, ta zo ganin gida. Zahara'u ta faɗa jikinta.

"Gwaggo, in ba ke ba, ba ni da kowa! Ki ce mishi ya koya miki lambag ga. Ke wane gida anka taɓa hana ki shiga?"

"Ke ɗiyag ga, son nan zai kashe ki!" in ji gwaggo. Amma ta je.

Namadi ya roƙi likitocin, suka yarda, ya koya mata lambar. Gwaggo Rabi'atu ta riƙa bi gida-gida tana yi wa matan aure lamba a bayan labule, shi kuma yana tsugune a waje, takalmi a hannu. Ya tura kawunnansa ban haƙuri. Malam Ɗangiwa ya ƙi janye maganarsa, Zahara'u kuwa ta ci gaba da haƙuri, ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba.

Da rani ya wuce aka lura unguwarsu ba a binne kowa saboda agana ba. Wata safiya Malam ya aika a kira Namadi.

Zahara'u na wanke-wanke ta ji sallamarsa daga zaure, a hankali, kamar mai tsoron muryarsa. Ta dubi innarta. Inna Atu ta yi wuf ta ja mayafi, ta ruga ɗaki har tana barin takalmi ɗaya a tsakar gida.

Zahara'u ta fashe da kuka tana dariya. Ai ba a yi wa bare wannan gudu, sai suruki!

Mai son ya taimaki mutane, ya fara sanin abin da suke jin kunya. Ita kuwa Zahara'u, haƙurinta ne ya kai ta ɗakin Namadi, kuma Inna Atu ce da kanta ta yi mata jere.