Geron da Ƙwaro Ya Ƙi

Da hantsin Laraba aka iske gawar Gudaji a zaurensa a Maigatari, kumfa a baki, ƙwaryar fura a gefe. Kafin ɗan sanda Saje Dogo ya iso daga Gumel, unguwa ta gama yanke hukunci: matarsa Asama'u ce ta ba shi guba. Mutane ke nan! Bazarar 1974 ce, fari ya cinye komai amma bai taɓa bakin jama'a ba.

Saje ya sami Asama'u tsugune a bakin turmi.

"Baiwar Allah, ke kika dama furar?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Me ya hana ki sha?"

"Mudu ɗaya na auno. Shi ke zuwa sharar gona, sai na ce masa na ƙoshi."

A bayan turmin akuya ce kwance, ta sandare. Asama'u ta ce ƙasari ta sha, ruwan da aka wanke geron bayan surfe. Saje ya duba akuyar. Mai son kashe miji ba ta farawa da akuyarta ɗaya tilo. Gubar tana jikin geron tun kafin ya shiga turmi.

"Wajen wa kika auno?"

"A da wajen Bappa nake awo. Wannan karon wani baƙo ne, ban san sunansa ba."

Ranar Alhamis kasuwa ta ci. Saje ya fara da tsoho Bappa, ya tsoma hannu a buhunsa. Ƙaiƙayi ya kama shi, ƙwari suna yawo a yatsunsa.

"Geron bara ne, ranka ya daɗe," in ji Bappa. "Ƙwaro ma yunwa yake ji."

Saje ya wuce. Haka ya bi masu awo shida, duk kanwar ja ce. Na bakwai, wani baƙo mai suna Ɗantala, geronsa fes yake, ba ƙura, ba ƙwaro ko ɗaya, ga araha. Mata sun yi masa cincirindo.

"Daga ina wannan?"

"Daga Damagaram, Yallaɓai. Zaɓaɓɓe ne!"

Saje ya ɗebo ƙwayoyi ya miƙa masa. "Kowane mai awo yana watsa hatsinsa a baki don mai saye ya gani. Tauna."

"Ai... azumi nake."

"Da goro a bakinka?"

Saje ya zazzage buhun ya juya cikinsa waje. A bakin ɗinkin ga jar hoda maƙale.

Ya ɗaga wa matan buhun. "Irin shuka ne da aka tanadar wa manoma. Ana cuɗa shi da maganin ƙwari, a sa masa ja don kada kowa ya ci. Wannan azzalumin ya wanke jan ya shanya, amma maganin ya riga ya shige. Hatsin da ya kai bazara ƙwaro bai taɓa shi ba, ku tambayi dalili."

Matan suka shiga zubar da abin da suka auna. Aka tasa ƙeyar Ɗantala zuwa Gumel.

Da yamma Saje ya koma ya shaida wa Asama'u an wanke ta. Ba ta ɗago ba.

"Na tsaya gaban Bappa, Yallaɓai, har na kwance bakin zane. Sai na ga ƙwarin, na ce wallahi mijina ba zai ci ƙazanta ba. Na zaɓo masa mai tsabta."